Tsohuwar Marsandi da jantinta huɗu: mun gyara uku a gida, ɗaya ya tafi wurin masu tukwane

 Duk wanda ke bin hanyar Maraɗi zuwa Tasawa da Damagaram, ko ta Ƙonni zuwa Tawa, ya san cewa tsofaffin motoci ba su ƙare ba a ƙasar nan. Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta fito a Faransa tun 1968, aka shiga harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 har shekaru kusan 30, kuma har gobe ana cin karo da ita ɗauke da buhunan wake da ƴan kasuwar ƙauye. Haka ma Mercedes 190, ƙaramar Marsandi, wadda Jamusawa suka ƙera daga 1982 zuwa 1993. Mafi ƙuruciya a cikin irin wannan Marsandi ta haura shekara 30, amma masu su ba su yarda su rabu da su ba, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin sufuri ya ƙaru. Ɗan kasuwar da a da zai jefar da tsohon abu ya sayi wani, yanzu sai ya tsaya ya yi lissafi. Cikin abubuwan da ake iya gyarawa a gida har da janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa wili. A yau za mu ba ku labarin yadda muka yi wannan aiki a tsakar gidanmu, da abin da muka gano a ƙarƙashin fenti wanda ya hana mu barci.

Yadda maganar ta taso

Yayanmu ɗan kasuwar wake da aya ne a Maraɗi. Ya gaji Marsandi 190 daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma yana ji da ita kamar ɗiyar fari. Da aka sa ranar auren ɗiyarsa, ya ce da wannan mota za a kai amarya Tasawa, ba da ta aro ba. Jikin motar da sauran kyansa, sai dai jantin sun yi baƙi, fenti ya ɓaɓɓare, wani farin gari kamar gishiri ya fito a gefunansu. Uku daga ciki na asali ne, masu ramuka 15 kewaye, irin waɗanda Jamusawa ke yi wa laƙabi da murfin kwata saboda faɗin fuskarsu. Na huɗun kuwa Yaya ya saye shi ne a kasuwa shekara biyu da suka wuce, bayan wani rami ya lanƙwasa na da. Shi ne ya fi duka ƙyalli, har Yaya ya ce wannan a bar shi, ba ya buƙatar komai.

Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, mun soma aikin mako uku kafin biki. Mun roƙi wani dattijon mai fentin mota na unguwarmu, abokin marigayi, ya riƙa leƙo mu da la'asar yana gyara mana kuskure. Mafi yawan abin da za ku karanta daga gare shi muka koya.

Sanin ƙarfen kafin a taɓa shi

Janti iri biyu ne. Akwai na baƙin ƙarfe, wanda ke yin jan tsatsa, kuma idan ya lanƙwashe ana iya buga shi da guduma ya miƙe. Akwai kuma na alminiyam, wanda ya fi shi rashin nauyi da kyan gani. Hanyar bambancewa mai sauƙi ita ce a kanga masa mayen ƙarfe: idan ya manne, baƙin ƙarfe ne, idan ya faɗi, alminiyam ne.

Shi na alminiyam ba zallarsa ake zubawa ba. Ana gauraya shi da wani sinadari mai suna silikon, kamar kashi 7 cikin 100, da ɗan magneziyam, a zuba a cikin kwami kamar yadda masu tukwane ke yi, sannan a gasa shi da awo a masana'anta domin ya yi tauri. Wannan gashin shi ne ƙarfinsa. Saboda haka duk wanda ya hura wa janti wuta, ko don ya ƙone tsohon fenti, ko don ya miƙar da lanƙwasa, ya warware aikin masana'anta ke nan, ƙarfen ya yi laushi ko da ido bai gani ba. Bugu da ƙari, alminiyam ba ya son guduma. Inda baƙin ƙarfe zai lanƙwashe ya haƙura, shi tsagewa yake yi.

Ba ya yin jan tsatsa, to amma yana da tasa cutar, wato wannan farin garin da muka ambata. Ruwa kan shiga ta inda fenti ya fashe, ya bi ta ƙarƙashi yana cin ƙarfen sannu a hankali. Idan abin ya kai gefen da taya ke mannewa, iska ta samu ƙofa ke nan. Shi ya sa za ku ga direba kullum safiya yana wurin mai faci ana ƙara wa taya guda iska, an duba ba ƙusa ba ƙaya.

Wanki da kankara

Aikin farko shi ne a kai wa mai faci ya fitar da tayoyin, ya cire bakin iska, ya ɓamɓare ƴan ƙananan nauyin da ake maƙalawa don daidaita juyi. Wasu kan bar taya a jiki su rufe ta da takarda su yi feshi. Wannan kwalliya ce kawai, domin inda ciwo ke ɓuya, wato cikin janti da gefen da taya ta rufe, ba za a gan shi ba.

Bayan haka sai wanki da omo da ruwa mai yawa da buroshi na roba, ciki da baya, har sai baƙin garin birki da maiƙo sun fita. A nan muna da jan kunne na musamman ga iyayenmu mata masu haɗa sabulu. Sodar da kuke zubawa a mai tana cin alminiyam ci na gaske, tana sa shi baƙi, tana rarake shi, har ta fitar da wata iska mai kama wuta. Duk macen da ta taɓa barin ruwan kanwa ya kwana a tukunyar alminiyam ta ga yadda cikinta ke dusashewa, to soda ta fi kanwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Matar Yaya ta kawo mana ita da kyakkyawar niyya, dattijon ya ce: "Hajiya, mayar da abarki, wannan sai ta cinye mana jantin kafin la'asar." Ruwan batir ma haka, kada a kusanto da shi.

Tsohon fenti kuwa hanya biyu ake fitar da shi. Ta farko samfefa da ƙarfin hannu. Ta biyu maganin ɓare fenti da ake sayarwa a gwangwani a shagunan kayan gini. Wanda zai yi amfani da maganin ya karanta jikin gwangwanin. Idan ya ga an rubuta dichlorométhane, ya sani cewa tururinsa na iya sumar da mutum har ya kashe shi a rufaffen ɗaki, dalili ke nan da ya sa Tarayyar Turai ta hana shi tsakanin 2010 da 2012, Amurka kuma ta hana sayar wa jama'a shi a 2019. Mu dai samfefa muka zaɓa, muka sa yaran gida biyu manya suka taya mu.

Samfefa tana da lamba a bayanta, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Da 120 muka fitar da fenti da farin garin, muka bi da 240 don share zanen da ta farko ta bari, muka ƙarasa da 400. Ba a tsallake mataki, don kowane zane da aka bari sai ya fito fili bayan an yi fenti. Kada kuma a yi amfani da buroshin waya na baƙin ƙarfe, domin yana barin ɓurɓushinsa a jikin alminiyam, daga baya wurin ya soma ruɓewa. Janti guda ya ci mana wuni ɗaya da rabi. Wanda ba shi da haƙurin wannan, gara tun farko ya kai wa masu sana'ar.

Ranar da alli ya tona asiri

Dattijon ya hana mu sayen ko gwangwanin fenti ɗaya sai an gama bincike, ya ce ba a ɗinka wa mara lafiya rigar salla kafin a san ko zai tashi. Binciken kashi biyu ne.

Na farko shi ne na lanƙwasa. A ɗaga gaban mota da kirik, a tokare ta da kututture mai ƙarfi, a ɗaura jantin ba taya, a kafa alli a kan bulo dab da gefensa, sannan a juya shi a hankali da hannu. Idan allin na taɓawa a wani wuri yana saki a wani, jantin ya karkace. Abin da ya wuce milimita ɗaya direba zai ji shi a sitiyari idan mota ta ɗauki gudu, kuma taya za ta riƙa cinyewa ta gefe guda. A auna gefen waje da na ciki, don na cikin ne ya fi shan dukan rami.

Na biyu shi ne na tsaga, kuma dabara ce tsohuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi amfani da ita tun kafin a ƙirƙiro na'urori. A shafe jantin da kananzir, a bar shi kamar minti 20 ya ratsa, a goge shi tas da tsumma har ya bushe a ido. Sai a dama garin alli da ɗan ruwa ko alkol, a shafa siriri, a bari ya bushe ya yi fari. Daga nan a ɗan ƙwanƙwasa jantin da itace. Duk inda tsaga take, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana layi mai duhu a kan farin allin.

Ukun nan na asali, masu muni a ido, suka fito lafiya lau. Sai dattijon ya nuna na huɗu da ke jingine a bango yana ƙyalli, ya ce a kawo shi. Yaya ya ce: "Baba, wannan ai sabo ne, ɓata lokaci ne kawai." Dattijon ya ce: "Alhaji, wanda ya sayar maka da shi, me ya sa ya yi masa fenti mai kauri haka?" Da muka sa samfefa a bayansa, sai ga mastik an cusa kusa da ramin bulon. Muka kankare, muka shafa kananzir da alli. Kafin a kira magariba layi ya fito, siriri kamar zaren ɗinki, ya tashi daga ramin bulon ɗaya ya nufi tsakiya, tsawonsa ya kai gaɓar yatsa biyu.

Tsakar gidan ta yi tsit. Wannan janti shi ne ke gaba ta hannun direba, shekara biyu yana zuwa Ɗan Isa da Tasawa, wani lokaci da Inna a kujerar baya. Kyan ɗan maciji ke nan.

Yaya, da yake ɗan kasuwa ne, nan take ya kawo maganar walda, ya ce akwai masu yin ta argon a gari. Gaskiya ne ƙwararru kan liƙe ƙaramar tsaga idan a gefen ciki take, ko da yake masu ƙera motoci ba su yarda da hakan ba. Amma tsagar da ke ramin bulon, ko a ƙafafun janti, ko a tsakiyarsa, ba ta da magani, domin nan ne duk nauyin mota da kayanta ke taruwa, kuma zafin walda zai ƙara raunana wurin. Irin wannan janti ba ya ba da sanarwa. Rana ɗaya a kan gudu, a wata kwana ko wani rami, sai ya rabu biyu. An yi ta ja-in-ja har bayan isha'i. Matarsa ce ta kashe maganar, ta ce: "Alhaji, in dai da wannan ƙarfen ne, ɗiyata ba ta shiga motar nan, ko a amalanke a kai ta."

Neman madadi: a karanta lambobi

Wanda zai sayi tsohon janti, ko a Katako ta Yamai, ko wajen masu kayan mota na Maraɗi da Damagaram, kada ya tafi da ido kawai. Ya juya bayan nasa ya kwafi lambobin da aka zuba a jiki. Na Marsandi 190 ɗinmu an rubuta 6J x 15 da ET 49. Lamba 6 faɗinsa ne da inci, 15 girman da'irarsa, ET 49 kuma na nuna zurfin zamansa, wato milimita nawa fuskar da ke haɗuwa da mota ta gusa daga tsakiya. Idan wannan lamba ta sha bamban da yawa, taya za ta riƙa gugar jikin mota ko ta turo waje.

Sai ramukan bulon. Marsandi biyar gare ta, a kan da'ira mai milimita 112. Fijo 504 da 505 huɗu ne a kan 140. Ƙananan Toyota irin Starlet da tsofaffin Corolla na taksi huɗu ne a kan 100. Akwai masu ɗaukar janti na wata mota su faɗaɗa ramukan da zarto don ya shiga. Wanda aka yi wa haka a bar shi ko kyauta ne.

Masu Fijo 505 kuma su yi hattara da wani tarko. Wasu daga cikinsu sun zo da janti na musamman na tayar TRX da kamfanin Michelin ya fitar a 1975, waɗanda ake aunawa da milimita. Za a ga an rubuta TR 390 a jiki. A ido kamar inci 15 ne, alhali inci 15 milimita 381 ne, shi kuwa 390. Tayar kasuwa ba ta zama a kansa, kuma tilasta ta haɗari ne ga mai facin kansa tun kafin a hau hanya. Sau da yawa irinsu ne ake bari da araha, ita kuwa araha ba ta ado.

Darasin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wannan: tsohon janti mai datti ya fi mai sabon fenti aminci, domin mai datti bai ɓoye komai ba. Da muka je saye, mun zaɓi wanda ya fi muni a cikin tarin, muka yi sharaɗi da mai kayan a gaban shaida cewa za mu gwada shi da kananzir da alli, idan ya nuna tsaga mu maido. Ya amince, jantin kuma ya fito lafiya.

Fenti: lokaci, wuri da hannu

Ƙananan ramuka da gurzuwar gefen kwalta ana cike su da mastik na ƙarfe, siriri, a bari ya bushe, a goge ya yi daidai da jiki. Mastik na tabo ne kawai. Wanda ya cusa shi a tsaga ya yi abin da aka yi wa Yaya, kuma alhakin duk ran da ya salwanta na wuyansa.

Kafin feshi a goge jantin da diliyan a tsumma mai tsabta, daga nan kada hannu ya sake taɓa fuskarsa, don maiƙon yatsa na hana fenti kamawa. Sai a rufe wuri biyu da sikoc na takarda: fuskar baya da ke mannewa da mota, da mazaunin kan bulon a cikin kowane rami. Dalili kuwa, idan fenti ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, zafin birki zai narkar da shi ya murƙushe, bulon ɗin da aka ɗaure tam ya wayi gari ya yi sako-sako.

Fenti hawa uku ne. Na farko shimfiɗa, wadda masu sana'ar ke kira apare, kuma lalle ne a nemi wadda aka rubuta ta alminiyam ce, don ta baƙin ƙarfe ba ta kama shi, bayan ƴan watanni sai ta ɓare kamar ɓawon albasa. Na biyu launi, mu ruwan azurfa muka sa kamar na asali. Na uku berni, wato ruwan ƙyallin da ke kare launin. Janti huɗu sun ci mana gwangwanin feshi mai mililita 400 guda biyu na shimfiɗa, uku na launi, biyu na berni. Gara a saye su duka na kamfani ɗaya, don wani fentin ba ya jituwa da wani, sai ka ga ya tattare kamar fatar tsohuwar jaka.

A girgiza gwangwani minti biyu cur. A riƙe shi nesa da janti kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25, hannu na tafiya ba tsayawa. A soma da lunguna da ramuka, a ƙare da fuska. Shafi siriri sau uku, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakani, ya fi shafi mai kauri sau ɗaya. Mu kanmu mun yi gaggawa a janti na farko, fenti ya zubo kamar hawaye, dole muka jira kwana biyu ya bushe muka sake gogewa. Sauri ya haifi nawa. Bayan shimfiɗa ta kwana, a bi ta da samfefa 600 ko 800 da ruwa, a hankali, a bari ta bushe sosai kafin a sa launi.

Yanayin ƙasarmu ma sai an yi shawara da shi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fenti kan bushe a iska kafin ya sauka, jiki ya yi kaushi kamar yashi. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Da damina kuma laima na sa berni ya yi hazo. Abin da ya fi shi ne sassafe, a inuwa, ƙarƙashin rumfar da iska ke ratsawa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a kanga tabarma ta inda iska ke busowa. Kada a shanya janti a rana kafin feshi, ƙarfe mai zafi ba ya karɓar fenti.

Mai feshi ya sa takunkumi da safar hannu. A kore yara da kaji da awaki. A nisanci murhu, garwashin shayi da taba, domin abin da ke cikin gwangwanin yana kama wuta kamar fetur. Ranar feshi a gidanmu sai da aka kai girki gidan maƙwabta. Gwangwanin da ya ƙare kuma kada a jefa shi a wuta ko a bar wa yara, yana fashewa.

Ɗaurawa

Fenti kan bushe a hannu cikin awa guda, amma bai yi tauri ba. Mun ba shi mako ɗaya kafin mu kai wa mai faci, muka roƙe shi ya naɗe ƙarafansa da tsumma, ya shafa ruwan sabulu a bakin taya. A sa sabon bakin iska, kuɗinsa kaɗan ne. A kai wurin masu injin daidaita juyi su maƙala sabon nauyi. Tun da taya na ƙasa, a duba shekarunta: tun daga 2000 ana rubuta lamba huɗu a ƙarshen layin da ya soma da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tayar da ta kai shekara 10 ta gama aiki ko da zanenta bai goge ba.

Masu Marsandi su lura cewa a irin waɗannan tsofaffin janti bulon na alminiyam ya fi na baƙin ƙarfe tsawo. Idan tayar safaya a kan baƙin ƙarfe take, a ajiye gajerun bulon biyar tare da ita. Dogo a kan baƙin ƙarfe zai zarce ciki ya lalata birkin hannu a ƙafar baya, gajere a kan alminiyam kuma ba zai kama da kyau ba. A soma ɗaurawa da hannu, a bi su a tsallake kamar zanen tauraro, ba a jere ba. Awon ɗaurin 190 shi ne 110 a ma'aunin Nm na kile mai awo. Al'adar nan ta sa dogon bututu a kile, yaron gareji ya hau yana tsalle, ita ce ke haifar da irin tsagar da muka gani a ramin bulon. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarshen jantin mai ƙyalli

Wani dillali ya ji labari ya zo ya taya tsagaggen jantin da kuɗi mai ɗan auki. Kowa ya san abin da zai yi da shi: mastik, fenti, kasuwa. Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sa aka ɗauko babbar guduma aka fasa gefensa, ya aika da shi wurin masu zuba tukwane aka auna a kilo. Abin da ya samu bai kai rabin tayin dillalin ba.

A nan ma akwai abin lura. Ƙananan nauyin da ke maƙale a tsofaffin janti yawancinsu na dalma ne, dalma ta gaske mai nauyi irin ta cikin batir, wadda Turai ta hana amfani da ita a wannan aiki tun 2005. Guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. A cire su kafin janti ya shiga wutar masu tukwane, kada su narke cikin abin da za a dafa tuwo a ciki, kada kuma a bar su a tsakar gida yara su sa a baki.

Ku kuma iyayenmu mata da ke shiga motocin kasuwa kowane mako, ba sai kun zama makanikai ba. Kafin a ɗora kaya, ku zagaya motar sau ɗaya. Idan kun ga ramin bulon babu bulon, ko tabon walda a jikin janti, ko taya mai ƙari a gefe, ku faɗa wa direba ko shugaban tasha a gaban jama'a, in ba a gyara ba ku jira ta baya. Kuɗinku kuka biya.

An kai amarya Tasawa ranar Asabar, Inna da ƙannen uba biyu a baya tare da ita. A Gazawa Yaya ya tsaya gefen hanya, ya fito da babbar rigarsa da kile mai lamba 17, ya bi bulon 20 ɗaya bayan ɗaya, ƴan rakiya na ta yi masa oda. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kiyaye mana hanyoyinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.